Taki Ya Yi Tsada, Amma Muna Sakin Sa Ya Bi Kogi

A ranin da ya wuce na raka wani ɗan'uwana gonarsa ta shinkafa a yankin Kura. Muna tsaye a kan kunya sai na hangi maƙwabcinsa riƙe da kwano cike da yuriya, yana tafe cikin ruwa har idon sawu, yana watsawa hagu da dama kamar mai ba kaji tsaba. Ba a jima ba aka sako ruwa daga kanal, kwamin ya cika ya tumbatsa. Sai ya sa fartanya ya fasa bakin kunya, ruwan ya gangara magudana.

Na ce masa, "Malam, ai takinka ne ke tafiya." Ya ce, "Haba, ai shinkafa ta riga ta sha."

Ba ta sha ba. Yuriya tana narkewa nan take, amma saiwa sai a hankali take ɗauka, kwana da kwanaki. Abin da ya fi ba ni takaici, an ce mini bashi ya ci ya sayi buhun nan.

Ra'ayina a taƙaice: takin zamani ba abokin gaba ba ne, kuma yawancin manomanmu ƙarinsa suke bukata. Amma yadda muke zuba shi, musamman a fadamu da wuraren noman rani, asara ce sau biyu. Manomi ya yi asarar kuɗinsa, na ƙasa da shi a bakin kogi kuma ya gaji ruwan da ya lalace. Gwamnatin da ke alfahari da yawan tirelolin takin da ta raba, ba ta tambayar nawa ya shiga shuka nawa ya shiga ruwa, rabin aiki ta yi.

Ina takin yake zuwa?

Sinadarai biyu ake magana a kansu, naitirojin da fosforas. Buhun yuriya mai kilo 50 yana ɗauke da kilo 23 na naitirojin. Takin kamfa (NPK) yana da duka biyun, takin sufa kuma na fosforas ne.

Halinsu daban. Naitirojin ba ya zama wuri ɗaya. Wani ya tashi iska idan an bar shi a fili cikin zafin rana, wani ya bi ruwan sama ko na ban ruwa, wani ya nutse ƙasa, musamman a jigawa, har ya tarar da ruwan rijiya. A shinkafar da ake watsa wa yuriya cikin ruwa, sau da yawa abin da shuka ke samu bai wuce kashi ɗaya cikin uku ba. Wato ka sayi buhu uku, biyu ba su yi maka aiki ba.

Fosforas shi kuma manne wa ƙasa yake yi. Duk lokacin da ka ga jan ruwa na gudu daga gona bayan ruwan sama mai ƙarfi, ƙasar saman gonar ce ke tafiya, da fosforas ɗinta. Ƙasarmu kuwa dama tana fama da ƙarancinsa.

Idan suka isa tafki ko kogi, aikin da aka saye su domin shi suke ci gaba da yi: ciyar da tsiro. Gansakuka ta rufe ruwa ya koma kore shar, kainuwa ta bazu. In suka mutu suka ruɓe, ruɓewar ta cinye iskar da kifi ke shaƙa a cikin ruwa. Wanda ya iya gudu ya gudu, wanda bai iya ba a wayi gari ya taso sama cikinsa a sama.

Na rijiya ya fi tayar mini da hankali, domin ba ya da launi, ba wari, ba ɗanɗano. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kada naitiret, wato nau'in naitirojin da ke shiga ruwa, ya wuce miligiram 50 a lita ɗaya ta ruwan sha, saboda jarirai: yana hana jininsu ɗaukar iska yadda ya kamata. Kuma tafasa ruwan ba ya fitar da shi. Uwar da ke dama wa jaririnta madara da ruwan rijiyar da ke tsakiyar gonakin tumatir ba ta da hanyar sani da idonta.

Abin da ya faru da waɗanda suka riga mu

Kogin Misisipi yana kwashe ruwa daga jihohi 31 na Amurka, har da yankin da ya fi ko'ina noman masara da waken suya a ƙasar, ya zuba a Tekun Meksiko. Duk shekara idan zafi ya kama, wani yanki a ƙasan tekun yakan rasa iska har kifi da jatan lande su kasa zama. Tun 1985 ake auna shi. A 2017 ya kai murabba'in kilomita 22,720, ya fi faɗin jihar Kano gaba ɗaya.

Hukumomin Amurka sun kafa kwamiti a 1997. Sun yi alkawarin rage wurin ya koma ƙasa da murabba'in kilomita 5,000 kafin 2015. Da lokaci ya yi ba su kai ba, sai suka ɗaga wa'adin zuwa 2035. Babban dalili shi ne dokar tsaftar ruwa da suka yi a 1972 ta ɗaure masana'antu da bututun ƙazantar birane, amma ta bar ruwan da ke gangarowa daga gona. Sai lallashi da tallafi ga wanda ya ga dama.

A watan Agustan 2014 kuma, an wayi gari an gaya wa mutum sama da 400,000 a birnin Tolido na jihar Ohayo da kewayensa kada su sha ruwan famfo. Gansakuka mai guba ce ta mamaye inda ake jawo ruwa a Tafkin Eri, kuma fosforas da kogin Maumee ke kawowa daga gonaki ne ya fi ciyar da ita. An ce ko tafasawa kada su yi, don ba ya kashe gubar. Kusan kwana uku mutane na layin ruwan roba a ƙasar da ta fi kowa arziki.

Bayan nan, a 2015, jihar ta hana zuba taki a wannan yanki idan ƙasa ta daskare ko ta jiƙe sharkaf, ko hasashen yanayi ya nuna ruwa mai yawa na tafe. Dokar da kowane tsohon manomi a Bunkure zai ce ai hankali ne. Sai da famfo ya zama guba aka rubuta ta.

In ka ga gemun ɗan'uwanka ya kama da wuta, shafa wa naka ruwa. Su suna da kuɗin sayen injinan tace ruwa da kuɗin kai juna kotu. Ƙauyen da ke shan kogi kai tsaye ba shi da ko ɗaya.

"Mu da takin ma bai ishe mu ba?"

Wannan ita ce amsar da na fi ji, kuma tana da ƙarfi. A taron da shugabannin Afirka suka yi a Abuja a 2006, an ce manomin nahiyar kilo 8 kacal yake zubawa a hekta, aka sha alwashin kaiwa kilo 50 kafin 2015, ba a kai ba. Mai gero a tudu da ke sayen taki mudu-mudu ba shi ne ke kashe kifi ba. Gonarsa yunwa take ji.

Amma lissafin tsaka-tsaki yana ɓoye abu. Takin da ke shigowa ba daidai ake raba shi ba. Mafi yawansa yana tafiya inda ake samun kuɗi: shinkafa, masara, tumatir, albasa, attaruhu, alkama. Kuma ina ake noma yawancin waɗannan? A fadama, a bakin kogi, a ƙasan dam, inda ruwa ke shiga gona ya fita ya koma inda ya fito. A wasu wuraren sau biyu ko uku ake noma a shekara, kowane zagaye da nasa takin. Don haka ƙasa na iya zama cikin ƙarancin taki gaba ɗayanta, alhali wasu 'yan kilomitoci a bakin ruwa sun sha fiye da kima.

Kuma hanyar da muka dosa ta ƙari ce. An buɗe kamfanin takin Dangote a Legas a 2022, mai iya fitar da tan miliyan 3 na yuriya a shekara, ga na Indorama a Fatakwal, ga wuraren haɗa kamfa da suka yawaita tun shirin takin shugaban ƙasa da aka ƙulla da Maroko. Ana faɗaɗa noman rani a jihohi da dama. Duk alheri ne. Sai dai ɗabi'ar da manomi ya koya yana zuba buhu biyu, da ita zai zuba buhu shida. Gyara tun yanzu ya fi sauƙi da arha.

"Kachalla ai dam ne ya kawo ta"

Wanda ya san Hadeja da Nguru, inda doguwar ciyawar nan kachalla ta mamaye ruwa, zai faɗi haka, kuma gaskiyarsa. Kafin a gina dam ɗin Tiga a 1974 da na Challawa a 1992, kogin yakan cika da damina ya janye da rani, ƙasa ta bushe. Da ruwa ya koma gudana duk shekara, kachalla ta samu wurin zama. Ta toshe hanyoyin ruwa, ta cinye gonaki da wuraren kamun kifi, ta zama maɓoyar tsuntsayen jan baki da ke far wa shinkafa da gero. Wani wuri ambaliya, wani wuri ƙishirwa.

Ban ce taki ne ya haife ta ba. Amma kachalla ciyawa ce da ke son ruwa mai kwanciya da laka mai taki. Ruwan da ya fita daga gonakin Kadawa da Kura ba ɓacewa yake ba. Kogi yake komawa, ya bi ta Wudil ya nufi Hadeja, da laka da ragowar taki a cikinsa. Dam ya ba ta gida, mu kuma muna aika mata da abinci. Ana kashe kuɗi masu yawa wajen yanke ta da yashe hanyoyin ruwa, ta sake tsirowa. Ba ni ganin hikimar yanke ciyawa a ƙasa ana yi mata taki daga sama.

Masuncin da ke tura kwalekwale cikin kachalla bai taɓa sayen yuriya ba, bai ci ribar tumatir ba. Shi ne kuma ba a gayyata idan ana taron rabon taki.

"Don me sai manomi?"

Ba manomi kaɗai ba. Duk wanda ya taɓa tsayawa a bakin kogin Jakara a Kano ya san abin da birni ke zubawa a ruwa. Ƙazantar gidaje, jinin mahauta, ruwan majema da na masana'antu, kashin kaji da ake jibgewa a bakin kwari, duk suna ɗauke da waɗannan sinadarai, wasu ma da abin da ya fi su muni. Hukumomin muhalli su fara da masu bututu, don su ne suka fi ƙarfi kuma an san ƙofarsu.

Amma akwai bambanci guda. Mai masana'anta kuɗi zai kashe kafin ya tsaftace ruwansa. Manomi kuwa, a mafi yawan lokuta, kuɗi zai rage masa a aljihu. A 2017 an sayar da buhun kamfa na gwamnati naira 5,500. Yau kowa ya san ya ninka sau nawa. A irin wannan tsada, ce wa manomi ya hana takinsa gudu ba ɗora masa nauyi ba ne.

Kuma mu da muke cewa mu masu addini ne, Manzon Allah (SAW) ya gargaɗe mu da ƙazantar da mashayar jama'a, ya sanya shi cikin abubuwan da ke jawo tsinuwa. Ban ga dalilin da zai sa hukuncin ya sauya don ƙazantar fara ce tas kuma a buhu ta zo ba.

Abin da ke aiki, kuma an gwada

Na farko shi ne mafi sauƙi: binne taki. A tona ɗan rami gefen shuka, a zuba, a rufe. A raba yuriya kashi biyu ko uku gwargwadon girman shuka, maimakon a juye ta lokaci guda. Kada a zuba idan hadari ya haɗu baƙi ƙirin. A shinkafa, a rage ruwan kwami kafin a zuba, a toshe mafita na wasu kwanaki. Da maƙwabcin ɗan'uwana ya yi wannan kaɗai, da buhunsa ya zauna a gonarsa.

Akwai dunƙulen yuriya, wadda ake matsewa ta zama ƙwallaye. Kamar mako guda bayan dashe, sai a cusa ɗaya cikin laka, zurfin santimita 7 zuwa 10, a tsakiyar kowane tushe huɗu. Sau ɗaya ake yi a duk noman. Tana narkewa a hankali a inda saiwa take, ba a saman ruwa ba. Manoman Bangaladesh sun daɗe da rungumarta, ana rage yuriya da kusan kashi ɗaya cikin uku kuma amfani ya ƙaru. Cibiyar bunƙasa takin zamani ta ƙasa da ƙasa, IFDC, ta kawo ta Najeriya, an yi gonakin gwaji. Amma shiga kasuwar ƙauye ka nemi dunƙulen, ka ga ko za ka samu. Dabarar ta iso, kayan aikin ba su biyo ta ba.

A Nijar, masu binciken cibiyar nazarin noma ta ICRISAT da ke Sadore sun nuna cewa ɗan taki cikin murfin kwalbar lemo, giram kamar 6 na kamfa a kowane ramin shuka, yana ɗaga amfanin gero sosai. Talaka ya samu ƙari, kuma babu ragowar da ruwa zai ɗauka. Can ne kuma ake ramukan tassa da na rabin wata, masu tare ruwa da ƙasa a cikin gona, ga miliyoyin hektoci a Maradi da Damagaram da manoma suka bar gawo da sauran itatuwa suka sake tsirowa. Gawo yana ƙara wa ƙasa naitirojin, kuma da damina yake zubar da ganye, ba ya yi wa shuka inuwa.

Sai bakin kogi. Nan ne na fi son a tsaya. Je ka kalli yadda ake noma har gaɓar ruwa, kunya ta ƙarshe tana taɓa kogi. Ba abin da ya raba taki da ruwa. Da za a bar ɗan zirin ƙasa a dasa jema ko gamba, saiwarsu za ta riƙe gaɓa, ganyensu ya rage gudun ruwa, laka ta kwanta da fosforas ɗinta kafin ta isa kogi. Kuma ba asarar fili ba ce gaba ɗaya: gamba abincin dabbobi ce, ana zana da ita, jema ana saƙa da ita. Kakanninmu da gamba suke iyakar gona. Mu ne muka tumɓuke ta don ƙarin kunya biyu, kogi kuma yana cin fiye da kunya biyun duk damina.

Takin gargajiya ma a yi hattara. Yana gyara ƙasa ta riƙe ruwa da taki, shi ya sa zaman makiyaya a gona bayan girbi ya kasance ciniki mai riba ga kowa. Amma tulin kashin kaji a bakin kwari, in ruwan fari ya sauka a kansa, ɓarnarsa ba ta gaza ta yuriya ba.

"Ƙwadagon ya yi yawa"

Haka ne. Watsa taki a eka ɗaya aikin ɗan lokaci ne, binnewa kuwa sai an ɗauki 'yan ƙwadago, su ma sun yi tsada. Mai eka goma zai ce ba zai iya ba. Cusa dunƙule kuma sai an yi dashe a layi, ga ciwon baya.

Amma a yi lissafi da gaskiya: kuɗin 'yan ƙwadago na yini a gefe guda, kuɗin buhun da ya bi ruwa a ɗaya gefen. Sannan akwai 'yan na'urorin hannu na cusa taki, ba abin da zai gagari maƙeranmu da masu walda idan an ba su samfuri da tabbacin kasuwa. Wannan ne wurin da tallafin gwamnati zai fi amfani, ba hoton gwamna a jikin buhu ba.

Doka ko lallashi?

Ina tsoron dokar gaggawa. A watan Afrilun 2021 gwamnatin Siri Lanka ta hana shigo da takin zamani dare ɗaya, ta ce kowa ya koma na gargajiya. Noman shinkafa ya faɗi, abinci ya yi tsada, kafin shekarar ta ƙare aka janye dokar. A Holan, bayan hukuncin kotu na 2019 kan naitirojin, manoma suka toshe manyan hanyoyi da taraktoci, har jam'iyyar da ta taso daga fushinsu ta zo ta ɗaya a zaɓen larduna na 2023. Wanda aka yanke wa hukunci ba a zauna da shi ba, ba zai bi ba.

Amma lallashi zalla ma mun ga inda ya kai Amurka. Denmak ta bi tsakiya: tun tsakiyar shekarun 1980 ta sa kowane manomi ya riƙa lissafin takin da gonarsa ke bukata, ta tsara lokacin zuba kashin dabbobi, ta wajabta shuka ciyawar da ke kama ragowar taki bayan girbi. A hankali, mataki-mataki, naitirojin da ke tsiyaya daga gonakinsu ya ragu da kusan rabi, noma kuma bai durƙushe ba.

Mu ba mu da ma'aikatan da za su bi gona-gona, kuma ba na son a ba wani jami'i sabuwar ƙofar karɓar na goro daga talaka. Amma muna da wurare biyu da gwamnati ke riƙe da igiya: rabon taki mai rahusa, da rabon ruwa a manyan ayyukan ban ruwa. Duk ƙungiyar manoman da za ta karɓi taki, a haɗa ta da malamin gona da zai shiga laka ya nuna binnewa, ba lacca a ɗakin taro ba. Cikin abin da ake rabawa masu shinkafa, a sa dunƙulen yuriya. Ƙungiyoyin masu amfani da ruwa su tsara ranar zuba taki ta dace da ranar sakin ruwa, kada a sako wa mutum ruwa a kan takinsa. A wuraren da hukumar kogi ke bayar da fili, a sa sharaɗin barin ziri a bakin ruwa, a kuma rage wa mai filin kuɗin haya daidai da abin da ya bari.

Gidajen rediyo da ke karanta hasashen hukumar yanayi ta ƙasa, NiMet, su ƙara jimla ɗaya a ranar da ake sa ran ruwa mai ƙarfi: yau ba ranar zuba taki ba ce.

Sannan a auna ruwa. Muna da jami'o'i a Kano da Wudil da Dutse da Gashuwa, muna da cibiyar bincike a Samaru. A ba su kuɗin ɗibar ruwa daga magudanun da ke fita daga gonaki, da kogi, da rijiyoyin ƙauyukan da ke tsakiyar noman rani, a farkon damina da tsakiyar rani, kowace shekara. A faɗi sakamakon da Hausa a rediyo, rijiya-rijiya, ƙauye-ƙauye. Inda aka samu ya haura kima, a fara haƙa wa mutanen wurin burtsatse mai zurfi kafin a ci gaba da wata magana.